Lambar da ke Kusurwar Gilashi

"Orijinal ko ɗan Chaina, Baba?"

Mai shagon ya jingina gilasai biyu a bangon wata matacciyar masaƙa a Sharaɗa. Dattijon ya waiwayi motar marigayiya matarsa, wadda ɓarayi suka cire wa gilashin gaba a Bompai yana cikin sahun Juma'a. Mako guda ke nan iska na marinsa.

"Ɗan Chaina shi ne daidai ɗan fansho," in ji mai shagon yana murmushi. "Wannan kuwa jiya ya sauka daga Kwatano. Bai taɓa shaƙar iskar Kano ba."

Dattijon ya tsuguna. A kusurwar gilashin da aka ce orijinal ne akwai sitika sabuwa fil. Ya sa farce ya ɓamɓare ta, sai ga lambobi a zane.

Shekara tara da suka wuce, matarsa Hajiya ta kafe sai an zana lambar motar a kowane gilashi. Ya yi mata dariya har gida, ya ce aikin banza ne. Ta rasu bai janye maganar ba.

Ya yafito makanikai uku. Suka karanta gilashin, suka karanta lambar motar, suka zuba wa mai shagon ido.

"Wallahi, Baba, kawo min aka yi..."

"Na zaɓi orijinal. Ɗaura shi a hankali, ya sha hanya daga Kwatano."

A hanyar gida ya dubi kujerar gefensa, babu kowa.

"To, Hajiya," ya ce, "kin yi gaskiya."