Giram Huɗu a Allon Femke

Femke ta fito daga ruwan garin Medemblik tana haki. Da ƙyar ta zo ta ɗaya a tseren allon hawa da iska ke turawa a kan ruwa, gurbin gasar duniya ya zama nata. Kowa na ihu, ban da Wiebe, wanda ya shekara shida yana gyara mata allon. Yana tsaye yana murza hularsa.

"Duba ƙarƙashin madaurin ƙafa na allonki," ya ce.

Ta durƙusa ta ɓare wani salatif da ke manne a wurin. Zoben neman aure ne, jiƙe sharkaf. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗago.

"Da wannan na yi tseren?"

"Da shi."

"Wiebe! Ni da na yanke gashina don rage nauyi, ka ƙara mini kaya ranar ƙarshe? Nawa ne nauyinsa?"

"Giram huɗu. Sau uku na auna."

"Da an kayar da ni fa?"

"Da na cire shi a ɓoye, na ja bakina har baɗi."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta miƙa masa yatsa.

"Saka mini, mahaukaci. Tunda da shi na ci, ba na ƙara shiga ruwa babu shi."