Facin da ke Fiffiken Hagu

Kai Ɗanjuma, tunda ka dage sai ka kankare zauren kakanka ka mayar da shi yadda yake a da, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran jikin mota, gwani ne, ko maƙiyinsa ba ya kushe hannunsa. Aka kira shi gidan tarihi, aka nuna masa wani tsohon jirgin yaƙi da ya daɗe a yashe har tantabaru suka mai da shi gida. Aka ce ya mayar da shi yadda yake tun asali, domin tsofaffin sojojin da suka yi aiki da shi za su zo ranar buɗewa, ana so su gane abinsu. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya fara kankare koren fentin da ke sama, sai wani fenti ruwan ƙasa ya fito. Ya ce to, ga asali. Ya ƙara gogawa kaɗan don ya tabbatar, sai ga ruwan toka ya leƙo, da wata lamba daban. Nan fa kansa ya ɗaure. Ya je wurin tsohon da ya tuƙa jirgin, tsoho ya rantse kore ne. Wanda yake zuba wa jirgin mai a lokacin ya ce ruwan ƙasa ne, shi matuƙin kam tsufa ne ya kama shi. Wata tsohuwa da jirgin ya sha wucewa ta kan gonarsu ta ce fari ne fat, ita kuwa cikinsa kaɗai ta taɓa gani. Bawan Allah ya fita neman launi ɗaya, ya dawo da uku da ciwon kai. Da abin ya ishe shi, ya yanke cewa asali shi ne abin da ke can ƙasa, ya yi ta kankara har ya kai ƙarfe tsirara, bai tarar da komai ba. Abu ɗaya ne bai yi shakka a kansa ba: wani mummunan faci a fiffiken hagu, ƙusoshinsa duk a karkace, kamar facin tsohon bokiti. Ya ce wannan dai ba da shi aka ƙera jirgin ba. Ya ɓamɓare shi, ya jefa a bola, ya sa sabon ƙarfe sumul, ya ji sanyi a ransa.

Ranar buɗewa tsofaffi suka yi ta zagaye jirgin suna musun launi, mai gyara kuma yana gefe yana zufa. Sai ga wani tsoho makaho, 'yarsa na riƙe da sandarsa. Shi ne makaniken jirgin a lokacin yaƙi, kuma launi bai dame shi ba. Ya ce a kai shi fiffiken hagu. Ashe shi ya buga facin nan, ranar da jirgin ya dawo da huji a fiffike, aka sauko da ƙanensa daga ciki babu rai. Hannunsa na rawa ya yi aikin, shi ya sa ƙusoshin suka karkace. Ya shafa fiffiken daga tushe har ƙarshe, ya dawo ya sake shafawa. Can ya ce, “Ba shi ba ne. Mai da ni gida.” Mai gyara ya ruga bola a guje, ya tarar 'yan jari bola sun kwashe komai tuntuni. Ya dawo ya tsaya yana kallon jirgin da ke ta ƙyalli, ya rasa inda ya yi kuskure, alhali ya yi duk abin da aka sa shi. Tausayi yake ba ni har gobe.

Don haka kafin ka ɗaga fatanya kan bangon nan, nemi tsofaffin gidanku su nuna maka inda hannunsu ke tsayawa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira a rasa ido.