Sabbin Tayoyi Biyu

Makanikin garejin unguwarmu ta Rillieux ya gargaɗe ni tun bai ɗaga motar ba.

"Alhaji, tunda tayoyi biyu kaɗai za ka iya saye, bari in sa su baya. In ana ruwa, bayan tsohuwar a-kori-kura ke fara sulɓewa."

Na ƙi. Na yi direba tsakanin Maraɗi da Damagaram, na ga abin da fashewar tayar gaba take yi wa mutane. Can duk mai hankali gaba yake sa sabuwa.

"Papa, nan fa ba Maraɗi ba ce," in ji ɗiyata. Ita ke ɗauko mini kayan shago daga Paris tun da idona ya raunana.

"Ke za ki tuƙa, amma ni na haife ki. A sa su gaba."

Ranar dawowarta aka wuni ana ruwa, ni kuma na wuni ina juya maganar makaniki, har jandarma ya kira ni, ya ce ta yi haɗari.

Daga asibiti jandarmomi suka kai ni inda aka ajiye motar. Na tafi ina ce wa raina taurin kaina ne ya ja mata. Sai ga sabbin tayoyin nan a baya, lafiya lau. Ashe ta koma garejin a ɓoye an sauya su. Tsohuwar tayar gaba ce ta fashe.

Ban sani ba ko da ta bi tawa, bayan ne zai sulɓe da ita. Likitoci kuma ba su san ko za ta farka ba.