Ranar da Aka Karrama Tana

Kai da ka dage wai tunda da zuciya ɗaya ka yi ba wanda ya isa ya ga laifinka, gyara zama ka ji abin da ya sami wani malamin gona. Sabon ɗauka ne a wata firamare ta ƙauye, ba a ma tabbatar masa da aikin ba. Ya samo akwatin katako ya huda gindinsa, ya zuba ƙasa mai laima da yagaggun takardu, ya haƙo tana har gwangwani biyu ya juye a ciki, ya ajiye a kusurwar aji. Kullum yara su kawo ɓawon ayaba da na kankana, su leƙa su ga yadda tanar ke cinye shara ta mayar da ita baƙin taki. Mutanen gari suka laƙaba masa Makiyayin Tana. Ko a jikinsa, don ƙarshen wata mai duba makarantu zai zo, kuma abin da ya gani a akwatin nan shi zai sa a bar malamin a aiki ko a sallame shi. Ana saura mako guda aka yi ɗan hutu, matarsa kuma ta haihu a garinsu. Da zai tafi gida, cikin gaggawa ya miƙa mabuɗin aji ga tsohuwar da ke dafa wa ɗalibai abinci, ya nuna mata akwatin, iyakar abin da ya ce mata shi ne, "Inna, ga baƙina nan, kada su kwana da yunwa."

To, tsohuwar nan Allah Ya yi ta da kyauta, ko kare ya ratsa ƙofarta sai ya lashi tukunya. Da ta buɗe akwati ta ga ruɓaɓɓen ɓawo sai ta yi salati. Baƙi a garinsu, amana a hannunta, a ce shara suke ci? Ai abin kunya ne har jikoki. Ta kwashe ɓawon tas ta watsar. Ranar farko ta kai musu tuwon masara da miyar kuka, ta ji daddawa ta ji yaji. Kashegari shinkafa da wake, da manja da gishiri. Da ta ga ba su taɓa ba sai ta ce kunyar baƙunta ce, ta ƙara barkono don ya buɗe musu ciki. Ran Juma'a har da romon kan rago, ta tuttule shi da zafinsa don kada a ce ta ba baƙo abinci mai sanyi. Malam ya dawo ranar da mai duba makarantu ya iso, suka shiga aji tare, yara na biye. Wari ya tare su tun daga bakin ƙofa. Ƙudaje sun yi baƙi a kan akwati, ɓera ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafun babban baƙo, tanar da ta samu ta gudu kuwa ga ta nan a bushe a kan siminti kamar taliyar da aka shanya. Mai duba makarantu ya toshe hanci da hularsa, ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau babur ɗinsa. Wallahi na tausaya wa malamin nan, ga jariri ga ba aiki. Amma tsohuwa ta fi shi kuka. Tana share hawaye da bakin zane ta ce, "Ɗan nan, ka yafe mini, ko jikokina ban yi musu irin wannan girki ba. Ina jin gishirin ne bai ji ba."

Saboda haka kafin ka cika wa mutum kwano da abin da kai kake so, tambaye shi abin da cikinsa ke ɗauka. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce abincin wani gubar wani.