Babban Yatsan Shugaba

Ruwa ya kai gwiwa a layin gangare, wayoyin hannu duk sun ɗauke, amma shugaban kwamitin unguwa yana ta zuba jawabi a oba-oba, rediyon hannun da unguwa ke kiran juna da shi.

Tsohuwar nas ta danna tata ya fi sau goma, a banza. Muddin mutum ɗaya ya danne maɓallin magana, sauran sai dai saurare. Ga maƙwabcinta mai shanyewar ɓarin jiki a kwance, ruwa na lasar katifarsa. Mai motar da zai ɗauke shi yana can kan tudu, bai san ana yi ba.

"Jama'a, a kwantar da hankali," in ji shugaba. "Kamar yadda na faɗa a taronmu..."

"Taron ya ci ƙaniyarsa!"

Ta tattare zani, ta keta ruwan har gidansa. Ta same shi a barandar bene, ƙafarsa a bushe, oba-oba a bakinsa.

"Iya, me ya fito da ke? Ai lafiya lau ake. Tun ɗazu ko mutum ɗaya bai kawo kuka ba."

Ta kama babban yatsansa, ta ɓanɓare shi daga maɓallin.

Sai unguwa duka ta ɓarke da ihu a tafin hannunsa.