Kujerar da Ta Iya Gaisuwa

Tun da aka hana sayar da kayan roba, kowane gida a Gwammaja ke tuƙa nasa. Ana narka tsofaffin jarkoki, a barbaɗa wani baƙin gari mai kama da kwalli, a yi ta tuƙi. Sharaɗin ɗaya ne: kada hannu ya sake hanya sai an juye. Yadda aka tuƙa roba, haka za ta riƙe har abada.

Kande na cikin tuƙa kujerar da surukinta, Baba Tanko, zai zauna a kai ranar walimar saukar jikarsa, sai ga sallamarsa. Ta dubi tukunya, ta dubi tsoho. Ina ita ina gaishe shi a tsaye? Ta durƙusa da muciya a hannu, tuƙi ya karkace.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya yaran? Ya mutanen Bichi?"

Sai da ya tambayi har akuyarsu.

Kujera ta fito baƙa sumul. Ranar walima Baba Tanko ya hakimce a kai. Liman na yin sallama ƙafafun kujerar suka lanƙwashe, ta durƙusa, tsoho ya kifa, hula ta yi nata wuri.

Ya tashi yana kakkaɓe riga. "Kujerar nan tana da tarbiyya," in ji shi. "Amma a ba ni tabarma."

Kowa ya yi dariya ban da Kande. Mijinta na can saman tsani yana ɗaura rumfa, kuma ranar da ta tuƙa tsanin ma sai da Baba ya leƙo. Ga wasu baƙi sun doso ƙofa.