Mai Injin Niƙa da Kaset ɗin Matarsa

Tun da ka dage sai ka ji bakina kan wayar haɗa sifika mai tsadar nan da kake shirin saya, zauna in ba ka misali. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

An yi wani mai injin niƙa a tsohuwar unguwarmu. Shekara talatin yana tsaye a gindin inji, ƙara na dukan kunnensa safe da yamma. Da matarsa ta rasu, abin da ya rage masa nata kaset ne guda ɗaya. A wancan zamani in mutum ya yi tafiya mai nisa, iyali sukan ɗauki magana a kaset su ba matafiyi ya kai masa. Ita ma ta aika masa shekarar da ya yi aiki a Jidda, tana gaishe shi, tana ba shi labarin akuyarta ta haifi biyu, tana dariya. Kullum bayan la'asar sai ya sa kaset ɗin. Sannu a hankali muryar ta fara yi masa nisa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Wani mai shagon kayan sauti, irin masu daɗin bakin nan, ya ce masa ai laifin wayar da ke haɗa rikodarsa da sifika ne. Ya sayi mai kauri, bai ji ba. Ya sayar da kekensa ya sayo mai ruwan zinariya a kai. Duk wayar da ya ɗaura sai ya gwada kaset ɗin sau goma, ya mayar baya, ya sake, ya ƙure ƙara, har maƙwabta suka haddace maganar marigayiya. Shi kaɗai ne ba ya ji. 'Yarsa ta ce, "Baba, don Allah mu je a duba kunnenka, a kuma kwafe kaset ɗin nan." Ya ce kunnensa ƙalau, kaset kuwa ba ya ƙetare ƙofar ɗakinsa.

Sai da wayoyi suka cika kwali sannan ya yarda. A asibiti aka ce inji ne ya cinye masa ji, aka maƙala masa 'yar na'ura a kunne. Ya fito yana jin har takun takalminsa. Ya yi gida da sauri ya danna rikoda. Ashe zaren kaset ya riga ya suɗe da yawan gwaji. Ba abin da ke fita sai shuuu, da guntuwar dariya da ba ka iya cewa ta wace ce. Na same shi zaune a tsakar gida, waya mai ruwan zinariya a cinyarsa, yana kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Wallahi har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Waya dai aikinta ta kai sauti, ta araha ma tana kaiwa. Ai Hausawa sun gama magana: garin neman gira, an rasa ido.